Hawan Dutse Ba Takalmi

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don har yau surukina bai san gaskiya ba.

Da na zo Parakou ta ƙasar Benin daga Maraɗi, shi ya kai mu ganin tsohon garin duwatsu bayan Djougou. A gindin tudu ya waiwayo, ni kuwa don kunyar suruki na tuɓe takalmina. Wasu Turawa da ke bayana suka ɗauka dokar wurin ce, suka tuɓe nasu. Duwatsu sun ɗau zafin rana, kowa sai tsalle.

Baba ya dube su ya ce, "'Yata, ashe haka ake hawa? Shi ne kika yi shiru?" Ya cire nasa.

Washegari na ajiye masa man kaɗanya na shafa wa ƙafa a ƙofa, na gudu.