Salansar Ranar Haihuwa

Pentti mai shagon kayan babur ya jera wa Marjut salansa uku a kan teburin shagon.

"Maman Helmi, babur ɗin maigidanki mai ƙafa huɗu na tsere ne, mai shan fetur haɗe da mai. Wannan za ta ƙara masa gudu. Wannan kuwa ba ruwanta da hayaniya, maƙwabta ma sai sun sa miki albarka."

"Ta ukun fa?"

"Ai wannan masifa ce! Tun daga gadar tafki ake jiyo ta."

"Ita nake so."

Pentti ya fashe da dariya. "Kai, Veikko ya yi dacen mata! Ni tawa ko safa ba ta saya mini ranar haihuwata."

Marjut ta yi murmushi, ta gyara gyalen da ya rufe shatin yatsu a wuyanta.

Daga gada zuwa gidansu minti huɗu ne a babur. Ta riga ta gwada: cikin minti uku za ta iya sa wa 'yarta Helmi takalmi, su fice ta ƙofar baya su shige daji.

Wancan karon da Veikko ya dawo a buge ba su ji isowarsa ba. Har yau hannun yarinyar bai warke ba.