Na Ƙarshe a Layin Iri

Irin masarar ya ƙare, saura mutum ɗaya a layi. Shugaban masu bincike ya taso daga rumfar manyan baƙi don ya ba shi haƙuri. Ya daɗe a cibiyar binciken noma ta jami'a yana aikin wannan iri mai jure fari, har ƙafarsa ta ɗauke daga gida.

Tsohon ya ɗago kai. Ashe mahaifinsa ne.

"Baba! Me ya hana ka kira ni?"

"Fari ya cinye gonata bara, ban so in dame ka ba. A rediyo na ji ana raba wa manoma, shi ne na zo."

Lasifika na ta kiran shugaban ya karɓi lambar yabo, amma kunya ta hana shi ɗaga ƙafa.