Taya Mai Tsage Uku

Noti na farko ya kwance tun kafin Gado ya sa wa kile, wato sufana, ƙarfi. Na biyu ma haka. Bai kula ba, don idonsa yana kan tayan.

Shekara ashirin yana gyaran moto, wato babur, a bakin tashar Madawa, kuma ba ya bin gidaje. Amma da Inna Jima ta aiko daga Galma cewa ya zo da kayan aikinsa, bai tambayi dalili ba. Ita ta shayar da shi lokacin da uwarsa ta rasu ta bar shi ɗan kwana tara. Macen da ka sha nononta ba ka ce mata sai gobe.

Moto biyu ya tarar a tsakar gida. Ɗaya ja, sabo, kana ganin fuskarka a tankinsa, ɓawon albasa maƙale a igiyar kujerarsa. Ɗayan baƙi, ya sha wuya, an ɗaure fitilarsa da roba. Tsohuwar tana zaune a kan tsani da aka kwantar a gindin rumbu, tana ɓarar gyaɗa. Ta ce ya cire ƙafafun jan, gaba da baya, har da ƙarfen nan mai hannu biyu da ke riƙe da ƙafar baya, ya sa wa baƙin. Na baƙin kuma ya sa wa jan. Ta ce kuma lallai ya gama kafin la'asar.

Da ya duƙa ne ya ga tayan bayan jan. Ya taɓa tsagewa, an ɗinke shi da waya wuri uku.

Babu wanda bai ji labarin ba, har Madawa. Shekaranjiya wata mata, Fiddausiya, mai cikin wata bakwai, ta fito daga garka da itace a ka, moto ya kwashe ta a gangaren ƙorama, mai shi bai ko waiwaya ba. Da azahar aka tsince ta, babu ita babu abin da ke cikinta. Abin da ya rage shi ne sawun taya a yashi, mai tsage uku kamar zanen fuska. Wani tsohon makiyayi mai bin sawu ya biyo shi har bakin gari, jandarma kuma sun ce yau za su shiga gida-gida.

Maza biyu ke hawan moto a gidan nan. Akwai Shamsu, jikan Inna Jima, wanda hamada ta cinye ubansa a hanyar Libiya, shi kaɗai ne namijin da ya rage mata. Akwai kuma Abdulrazak, ɗan ƙwadago daga Tamaske, shekara uku yana yi mata ban-ruwan albasa, ba shi da kowa a garin. Gado ya dubi sabo ya dubi tsoho. Ba sai an gaya wa mutum wanne ne na ɗan gida, wanne ne na bare ba.

Ya tambaya ina Shamsu. Ta ce yana inda ta aje shi. Abdulrazak fa? Kwanansa uku a garka yana gadin injin ruwa, bai san wainar da ake toyawa ba.

"Inna, wanga aiki shina da nauyi," in ji Gado.

"Kile ni ce ka kawo, ban ce ka kawo mini wa'azi ba."

Ya ɗora motocin a kan turame biyu. Ya zare sarƙa, ya kwance sandar birki, ya doki dogon ƙarfen da ya ratsa ƙugun jan moton, ya fita sumul, ko tsatsa babu. Wani abu ya buga a cikin rumbu, dim. Ya ɗaga kai. Tsohuwar ba ta daina ɓararta ba, ta ce ɓera ne, babba, gero ya yi masa yawa.

Duk makanike ya san ƙarfen wani moto ba ya shiga wani sai an sha goge da guduma. Wannan kuwa, da ya kai shi jikin baƙin, ya zauna daram. Sarƙa ta dace, ba ragi ba ƙari. Gado ya ce a ransa, har ƙarfe ma ya yarda a zalunci maraya. Yana ɗaure noti, a zuciyarsa yana ganin Abdulrazak a bayan motar jandarma, yana rantsuwa da Allah babu mai saurarensa. Sau biyu ya aje kile. Sau biyu ya ji idon tsohuwar a ƙeyarsa, ya ɗauka.

Yana goge hannu suka yi sallama, jandarma uku, da makiyayin, da mijin marigayiya a bayansu, idanunsa ja wur. Makiyayin bai dubi kowa ba. Ya wuce jan moto, ya tsuguna bayan baƙin, ya shafa tayan, ya ƙirga da yatsa: ɗaya, biyu, uku.

Gado ya buɗe baki zai yi magana. Nonon da ya sha ya tsaya masa a wuya.

Babban jandarman ya tambaya na wane ne baƙin moto.

Inna Jima ta kakkaɓe zanenta ta miƙe. Ta ɗaga tsanin ita kaɗai, ta ƙi a kama mata, ta jingina shi da rumbun.

"Na jikana ne. Da idona ni gan shi shina canza ƙahwahunsa da na ɗan mutane, shi ya sa ni kira makanike ya maida kowace inda ta hito. Ku hau, shina ciki."