Ranar da Aka Fito da Ƙamus

Maharazu ya jera haruffansa a kan allon sikirabul, wasan haɗa kalmomin Turanci, ya danna na ƙarshe da ɗan yatsa, ya koma ya jingina.

"Zorbic," ya ce. "Igiyar da ake ɗaure jirgin ruwa ke nan. A rubuta min makina."

Shekara da shekaru haka ake yi a zauren Alhaji Nata'ala da ke Soron Ɗinki. Da an idar da la'asar sai a shimfiɗa tabarma, a fito da allo da jakar haruffa. Dokar zauren guda ɗaya ce: wanda ya ci wasa shi zai hau kujerar kushin ta bakin ƙofa, a riƙa ce masa Farfesa, har ranar da wani ya kayar da shi. Maharazu kuwa ba a taɓa kayar da shi ba. Kushin ɗin har ya lotsa daidai zamansa.

Abokan wasan nasa ba abin da yake yi musu sai kallon banza. Isyaku wai malamin Turanci ne a sakandare, har da digiri, amma in ya ɗebi haruffa sai ya yi ta juya su kamar an ba shi gyaran agogo. Gali ma'aikacin asibiti ne, kalmarsa ba ta wuce cat da dog. In suka jiyo ƙarar besfar Maharazu daga bakin lungu, hira ta mutu ke nan, kowa ya sunkuyar da kai kan allo. Kwarjinin ilimi, in ji shi a ransa. Jahili ai dole ya kama bakinsa.

Sau ɗaya tak aka taɓa buɗe masa ƙamus. Isyaku ne ya yi wannan rashin kunyar, da daɗewa. Bayan nan ya yi wata tafiya ta watanni, ya dawo a rame, magana ma ba ta dame shi ba. Alhaji kuma ya ce gara ta cinye ƙamus ɗin. Shi ke nan, abin da Farfesa ya ce kalma ce, to kalma ce.

A waje masu babura sai wucewa suke da tutocin jam'iyya suna ta ham. Tun Asabar da soja suka miƙa mulki ga farar hula gari ya ƙi lafawa. Maharazu ya yi tsaki. Taron marasa aikin yi.

"Ban yarda ba," in ji Isyaku.

Maharazu ya waiwaya, ya zaci da wani ake.

"Me ka ce, Malam?"

"Na ce babu wannan kalmar. Alhaji, a taimaka mana da ƙamus."

Maharazu ya fashe da dariya. Wane ƙamus kuma? Sai ga Alhaji Nata'ala ya miƙa hannu cikin alkuki, ya jawo shi. Lafiyarsa ƙalau, ko ƙura babu. Isyaku ya lashi yatsa, ya bi shafin har ƙasa, ya juyo da shi kowa ya gani. Babu.

"Tsohon bugu ne," in ji Maharazu. "Turancin zamani ba zai shiga wannan tarkacen ba."

Gali ya kwashe haruffan ɗaya bayan ɗaya, ya zuba masa a tafin hannu.

Zagaye ya dawo kansa, ya sa vandrel, ya ce wata cuta ce ta maƙogwaro. Shi dai yana jin kamar ya taɓa karanta ta a wani wuri.

"Farfesa, a asibitin Landan ake kamuwa da ita?" in ji Gali. "Don mu dai a namu ba ta iso ba."

Aka duba, ita ma babu. Wani a bayan zaure ya yi dariya a fili, bai ko rufe baki ba.

Sai Gali, Galin cat da dog, ya zube haruffansa gaba ɗaya: jeopardy. Ya ce haɗari ke nan. Maharazu ya fizgi ƙamus da kansa. Ga ta nan, da ma'anarta. Isyaku ya biyo da wadda ta fi ta, ya faɗi ma'anarta har da asalinta, yana ɓare goro.

Maharazu ya ture ƙamus ɗin gefe. Wannan maguɗi ne. Ya zazzage jakar, ya dudduba bayan haruffan ko an yi musu alama. Ya leƙa ƙarƙashin tabarma. Ba komai. Ya bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, irin kallon da kan sa su sunkuyar da kai. Yau kowa ya tsaya kallonsa ido cikin ido.

Kafin a kira magariba an gama. Isyaku ne a gaba, Gali na biye, Maharazu can a ƙasa, ko rabinsu bai kai ba. Zaure ya cika, har da masu leƙe ta taga. Maharazu ya riƙe hannun kujerar gam.

"Ku faɗa min gaskiya," ya ce. "Wa ya koya muku Turanci cikin 'yan kwanaki?"

Isyaku ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya zo ya tsaya a kansa.

"Turanci mun iya shi tun kana firamare, Maharazu. Barin ka muke yi ka ci, don mun san duk wanda ya ɓata maka rai, sunansa kake kai wa soja. To, sun koma bariki. Tashi ka ba ni kujera."