Jar Tuta a Kwanar Gada

Ƙararrawar keke tsohon ya jiyo daga saman tudu. Ruwan jiya ya cinye gadar da ke bayan kwana, kuma shi kaɗai ya gani.

Tun da aka ɗebe ƙarafan layin dogo aka bar wa masu keke hanyar, tsohon mai duba layin bai fasa zagayen safe cikin gonakin shayi ba, jar tutarsa a hammata.

Ya ɗaga ta. Budurwar da ke gangarowa ta ɗago masa hannu tana dariya.

"Sannu, Kaka! Ba ni hanya mana!"

Ya auna da ido, awon ma'aikacin jirgi. A gangaren nan sai an ci taku ɗari huɗu jirgi ke tsayawa, ga shi saura talatin. Ya faɗa tsakiyar hanya, ya ware hannuwa, ya runtse ido.

Birki ya yi ƙiii, sai shiru.

"Kaka, lafiya? Kuka kake yi?"

Tayar kekenta ko zanen da ya ɗaura ba ta taɓa ba. Shekara ashirin da suka wuce, a daidai nan ya ɗaga tutar nan, jirgi bai tsaya ba.