Tela da Kwalbar Man Kifi

Tunda ka zo min da maganar ɗanka da wannan kwalba a aljihu, zauna ka ji na wani tela. Yana da 'ya 'yar shekara bakwai, yarinya ce mai kan gado, sai dai ba ta zama wuri ɗaya. A aji ana karatu idonta na kan taga, a ba ta layi uku ta rubuta ɗaya ta manta sauran. Ga surutu kamar an kunna rediyo. Malamarta ta kira shi ta ce ya kai ta wurin likita a duba, a gida kuma ya riƙa zama da ita ko na minti goma ne, a yi karatun kaɗan-kaɗan. Shi kuwa gogan naka ɗinkin salla ya sha masa kai. Da wani abokinsa ya nuna masa ƙwayoyin man kifi na yara, wai suna tattara hankali, sai ya ga faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya saya, ya manta da likita, ya manta da minti goma.

Gidan haya suke, ɗaki na kallon ɗaki. Kullum da safe sai ya tsaya a tsakar gida ya ƙwala mata kira ta zo ta sha maganin ƙwaƙwalwarta. Wallahi ba da mugunta yake faɗa ba, so ne ya sa shi, amma kunnen yara ba ya barci. Kafin wata biyu sunanta ya koma "mai ciwon kai" daga gidan har makaranta. Yarinya ta yi tsit. Ta daina tambaya, ta daina shiga wasa, ta koma bencin baya. Tela ya ga shiru ya samu, har yana yi wa maƙwabta tallar kwalba. Ranar da aka ba da sakamako ya ga takardun jarrabawarta fari fat, ko sunanta ba ta ƙarasa ba, ita da a da takan amsa rabi. Ya tambaye ta dalili. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ai kai ka ce kaina ba lafiya. Jira nake in warke tukuna."

Daga baya ya kai ta asibiti, ya kuma koyi rufe shago da la'asar ya zauna da ita a tabarma. Karatu ya dawo sannu a hankali. Amma har ta yi aure ba ta ƙara buɗe baki a cikin mutane ba sai an tilasta mata, kuma wannan baƙin ciki da shi ya tsufa. Ni ban ce kwalbarka guba ce ba, likita ne zai faɗa maka amfaninta. Abin da na sani, Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce garin neman gira akan rasa ido.