Mai Rage Gudu

Yau ma na shiga BIOS, wato saitin cikin kwamfutar da na haɗa, na tarar an rage mata gudu. Na riga na zargi mai shago, ya rantse kayansa sababbi ne. Na tsare ƙanena, ya ce, "Yaya, wallahi ban taɓa ba."

Na mayar da saitin, fankar kwamfutar ta kama ƙugi. Na kashe ta, na yi kamar zan fita, na laɓe bayan labule.

Matata ce ta shigo. Ta sake kunna kwamfutar, ta rage gudun, ɗakin ya yi tsit. A ɗakin da ke manne da namu, nishin mahaifina mara lafiya ya lafa.

Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Fito a hankali. Baba ya samu barci."